Motocin da Suka Tuɓe Kaki

Daga Sakkwato zuwa Isa hanya biyu ce, a Marnona suke rabuwa. Wadda ta yi dama ita ce gajera, tana keta dajin Gundumi, dajin da Baturen Jamus ɗin nan Barth, mai yawo da sunan Abdulkarim, ya ratsa a 1853 da tafiyar yini da kwana babu zango don tsoron mahayan Gobir. Har yau direba ba ya kutsa kai Gundumi sai ya tambayi wanda ya fito, a Satumban 2021 ma gwamnatin jiha rufe hanyar ta yi ɗungurungum. Abin da ya sake shi ne yanzu Gobirawan ake tarewa. Wadda ta yi hagu tana bi ta Goronyo, ta jera da gulbin Rima har Sabon Birni, sannan ta karyo kudu zuwa Isa. Ita muka bi, a ƙarshen damina, gero ya nuna, an fara yankan shinkafa.

Wani ɗan ƙungiyar direbobi a tashar Sakkwato ne ya ba ni labarin da ya tashe ni. Ya ce akwai dattijo a Sabon Birni da ke riƙe da tsohuwar motar sojan Jamus, yana kashe mata abin da ba ta mayar masa, kuma duk motar da ta kafe tsakanin Gatawa da Isa shi ake nema.

Sai mutum ya ga ƙasar zai gane dalilin motar. Gulbin Bunsuru da na Gagare suna haɗuwa a yankin Isa su zama Rima, gulbin Maraɗi kuma ya gangaro daga Nijar ya faɗa cikinsa kusa da Sabon Birni. Tsakaninsu fadama ce shimfiɗe, baƙar laka da damina, rairayi mai haɗiye taya da rani. A bakin wannan ruwa Alƙalawa ta zauna har ta faɗi a 1808, kuma nan Ɗan Halima ya dawo da jama'arsa daga Tsibiri ya kafa Sabon Birni bayan shekara 50 da wani abu. Arzikin wurin duk a fadamar yake, shinkafa da albasa da tafarnuwa da alkama, kwalta kuwa layi ɗaya ce tal. Duk buhun da aka ɗinke a gona sai ya yi tafiya mai nisa a kan laka ko yashi kafin ya ga titi, kuma abin da jaki da raƙumi da amalanke suka kasa, mota ce za ta shiga ta ɗauko.

Na iske shi a wani fili bayan tasha, zaune a kan tsohuwar taya, zanen Gobir tun daga gefen baki har kunne. Kowa Baba yake ce masa. Motar na tsaye a inuwar dogon yaro: Marsandi 1017, shuɗiya, mai kai marar hanci, ƙafafunta dogaye har yaro yana iya zama a ƙarƙashinta bai sunkuya ba. Rundunar sojan Jamus ta Yamma ta fara karɓar irinta a 1977, dubbai, don ɗaukar kayan da bai wuce tan 5 ba. Da yaƙin cacar baka ya ƙare, ƙasashen Turai suka rage runduna, aka yi ta fitar da su gwanjo tare da DAF na sojan Holan da Bedford na Ingila da Berliet na Faransa. Dillalai suka loda su a jirgin ruwa zuwa Kwatano da Lome, wasu suka hau arewa har Maraɗi, daga nan zuwa Sabon Birni kuwa ba nisa.

Baba ya hau da ni ciki ya nuna mini abin da ya rage na aikin soja. A rufin akwai ƙofa zagayayya da soja ke leƙowa ta cikinta, shi kuwa ta nan yaronsa ke hango inda hanya ta zabtare. Bayan kujera akwai maƙalin bindigogi, ya rataye buta da tabarmar salla. Ga wasu 'yan fitilu masu dishi-dishi da aka yi don tafiyar dare ba tare da jirgin abokan gaba ya gani ba. Waɗannan bai taɓa cire su ba, har gyara su yake yi, alhali shekarunsa nawa rabon da ya yi tuƙin dare.

Fentin ne ya fi tsaya mini a rai. A Ingila akwai ƙungiyar masu sha'awar tsoffin motocin soja, Military Vehicle Trust, da asalinta ya koma 1968. Mutum zai sayi ruɓaɓɓiyar Bedford ko jif ta yaƙin duniya, ya shekara yana neman ainihin koren da aka shafa mata a masana'anta, ya rubuta mata lambar bataliyarta, ranar 6 ga Yuni ya tuƙa ta zuwa Normandi a yi fareti. A Amurka haka suke yi da M35 mai ƙafa shida. Can duk wahalar a mayar da mota soja ce. Nan kuwa aikin farko a fitar da ita daga soja, kafin ma a duba injin. Tun 1977 dokar Nijeriya ta hana farar hula tuƙa mota mai koren soja, amma a ƙasar Gobir ta yau ba tsoron kotu ke sa a nemi mai fenti ba. Babbar mota koriya a bakin daji, mutanen daji za su ɗauka ayarin sojoji ne su buɗe mata wuta, sojoji kuma su ɗauka kwace ta aka yi. A gindin ƙofar direba, inda takalmi ke goga, shuɗin ya kan koɗe koren ya leƙo. Baba yana ajiye ɗan gwangwanin fenti a ƙarƙashin kujera don wannan wurin kaɗai.

Muna cikin haka bakanikensa ya iso, Bayarabe haifaffen Gusau, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Tun daga nesa ya ɗaga murya: "Bagobiri, ka tashi ka gaida ubangidanka!" Baba bai ko ɗaga kai ba. "Malam, ka ga bawana. Da kuɗin goro munka saye shi, shi ya sa aikinai ba ya da auki." Wasan Gobirawa da Yarbawa ba sabo ba ne, amma ban taɓa ganin inda yake rage kuɗin aiki ba sai nan, don duk cinikin da suka fara da zagi yake ƙarewa, kuɗin kuma ya bi ruwa.

Shi ya kifa kan motar gaba, injin ya bayyana, ya yi mini karatu. Motar soja, in ji shi, ba tafiya ke kashe ta ba, zama ne. Takan zo da kilomita kaɗan a agogo, wata ba ta kai abin da motar kaya ƙirar kanta ke ci a shekara biyu ba, ƙarfenta garau. Amma ta yi shekara da shekaru a rumfar bariki, duk abin da yake roba ya bushe: tiyon ruwa, robar birki, sil ɗin da ke tare mai. Mai sabon shiga sai ya ga agogo ya yi murna, ya loda mata kaya, kwana kaɗan ta fara yoyo ta ko'ina, wata rana ya taka birki ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Wanda ya sani, shekarar farko ta roba ce.

Injin kuwa OM 352 ne, silinda 6, lita 5.7, an ƙara masa turbo ya kai ƙarfin doki wajen 170. Ba kwamfuta a jikinsa ko ɗaya. Famfon da ke tura mai na ƙarfe ne zalla, in ta sha iska sai a sassauta noti a yi ta buga ɗan famfon hannu har kumfa ta ƙare. Abin da ya fi muhimmanci, dangin injin nan ne a cikin tsoffin Marsandi masu gajeren hanci, irin su 911, da suka cika hanyoyin ƙasar nan, waɗanda kamfanin ANAMMCO na Inugu ya fara harhaɗa danginsu a farkon shekarun 1980. Saboda haka fistin da zobe da gasket da nozul, ko ba a samu a Sakkwato ba, Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna ba za a rasa ba. Inda gizo ke saƙa shi ne ƙafar gaba da ƙaramar giyar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, don 911 ta kasuwa ba ta da su. Maganin da Baba ya yi shi ne ya sayi matacciyar 'yar'uwarta ya girke a bayan gida, ana ɗebo mata abin da ya lalace. Gangar da ke naɗe igiyar ƙarfe a gaban motar ma daga wata gawar aka ciro ta aka yi mata walda.

Na kwana biyu ina kallon hidimarsa. Da asuba bayan salla yakan ja 'yar zoben da ke ƙarƙashin tankin iska, ruwan da ya taru ya fita, don in ya zauna yana cin tankin kuma yana lalata birki. Gas ba ya zuba shi kai tsaye, sai jarka ta kwana ta kwanta, a tace da ƙyalle, a bar na gindi. Baturi biyu take ci, lantarkinta bolt 24 ne, duk wanda ya ɗaura mata fitilar ƙaramar mota zai gani. Lokacin da aka hana sayar da mai a jarka aka kuma katse layukan waya a 2021, ta yi watanni ba ta fita ba, amma duk Juma'a sai ya tayar da ita ta yi ɗumi, ya matsa da ita gaba kaɗan ya dawo, kada tayoyi su kwanta gefe ɗaya.

Na tambaye shi ko tana fitar da kuɗinta. Ya yi dariya. "Ɗana, wanda ad da hankali kanta shika saye." Lissafin a fili yake. Litar gas ta haura naira 1,000 a 2023, motar tana sha fiye da kanta nesa ba kusa ba, da ƙyar take wuce kilomita 80 a awa, tayarta guda kuɗin babur ne na hannu. Abincin gidansa daga gona da wata ƙaramar mota da ɗansa ke ja yake fitowa. Wannan kiwon doki ne, dawa da harawa kullum, hawa sai ranar salla. Masu cewa talakan ƙasar nan bai san sha'awa ba sai neman na tuwo, ba su zauna da irin Baba ba. Mutumin da ke gyara fitilar da ba zai kunna ba, ba ciniki yake yi ba.

Ranar hawan ta zo da hantsi. Wani yaro a kan babur ya kawo saƙo cewa kanta ta kafe da shanshera a wata mashiga, kudu da gari, ta wajen hanyar Isa. Baba ya dubi rana kafin ya dubi yaron. A wannan hanya, kusa da Gidan Bawa, aka tare motar fasinja da ta taso daga Sabon Birni a Disamban 2021 aka cinna mata wuta, mutum fiye da 20 suka ƙone. Tun daga nan kowa ya san motar da la'asar ta yi wa a daji, a bar ta, a tsira da rai, gobe a zo a ga abin da ya saura. Janwe a nan ba gyaran hanya ba ne kawai, tsere ne da rana.

Muka iske ta ta nutse har gindin bodi, direban, matashi, ya yi ta ba ta wuta har warin kuloci ya cika wurin. Baba bai ce masa komai ba. Ya zagaya da ƙafa yana soka sanda a laka, ya zaɓi tudun da zai tsaya, nesa da inda kowa ya zata. Ya sa aka sauke rabin buhunan, aka haƙe gaban tayoyi, aka shimfiɗa katako da karan dawa. Yaransa suka danne ƙafafun Marsandi da waigi, suka ja igiyar ƙarfe. Bai ɗaura ta kai tsaye ba, sai ya maƙala ƙaramar gargare a jikin shasin kantar, ya zagayo da igiyar ta dawo jikin motarsa. Haka ƙarfin ja yake ninkuwa biyu, saurin ya ragu da rabi, kuma a laka saurin ne ke tsinka abu. Ya jefa tsohon bargo a tsakiyar igiyar don in ta tsinke ta faɗi ƙasa maimakon ta yi bulala, sannan ya kori kowa, har da ni. Yara 'yan kallo sai da ya bi su da sanda. Ganga ta fara juyawa a hankali, laka ta yi wani ƙara, kanta ta ɗago.

Fitowa ɗaya ce, tafiya kuma daban, don kuloci ya riga ya ƙone. Matashin ya ɗauko sarƙa. Baba ya girgiza kai, ya sa aka sauko da sandar ƙarfe mai ido a kowane kai. Sarƙa tana ja amma ba ta tarewa, in na gaba ya taka birki na baya sai ya hau shi. Babbar mota mai birkin iska in injinta ya mutu ba ta da abin tsayawa, wasu ma ƙafafunsu kullewa suke yi sai an warware su da sifana. Kanta ba ta kai nan ba, amma ya umarci direban ya bar injinsa a kunne don birki ya yi laushi. Bakanike ya shiga ƙarƙashi ya kwance farfela ya ɗaure ta da waya, domin in tayoyin baya suna juya giya tsawon hanya ba tare da mai yana zagayawa yadda ya kamata ba, an je neman gyaran kuloci an dawo da na giya.

Isa ta fi kusa, can muka nufa, tafiyar da ba ta fi ta mai keke ba. A wani shinge soja ya ɗaga hannu, ya zagaya motar, ya hango ƙofar rufin, ya yi murmushi. "Baba, wannan ai tamu ce." Baba ya ce, "Ta yi ritaya, ranka ya daɗe, ni ka biyan ta fansho." Muka wuce. Da muka sauke kantar a bakin gareji mai shinkafar ya ƙirga kuɗi, Baba ya ɗauki na mai da na yara, ya mayar masa da saura, ya ce buhu ɗaya in an sheme. A ganina ya yi wa kansa ƙwauro, don ko kuɗin igiyar da ta fara tsattsagewa bai fito ba, amma ban ga alamar ya nemi shawarata ba.

A Isa na ga kakar wannan harka. Bayan wani gareji, cikin tumfafiya, akwai gawar Bedford, sitiyarinta a dama. Masu gareji suka ce tun iyayensu take nan. Irinta ce ta koya wa Arewa tuƙin babbar mota. Sojojin runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma da suka yi yaƙin Bama, cikinsu Hausawa birjik, da yawa sun dawo wajen 1946 da sana'ar tuƙi da kanikanci, lokacin da Ingila ke sayar da ragowar motocin yaƙi da araha. Aka yi musu bodin katako suka shiga ɗaukar gyaɗa da auduga zuwa bakin dogo, wanda ga mutanen wannan yanki Ƙauran Namoda ne. Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 wasu suka sake fitowa gwanjo. Abu biyu suka kashe Bedford. Ranar 2 ga Afrilun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, mota mai sitiyari a dama ta zama baƙuwa a titinta. Sannan kamfanin ya daina ƙera manyan motoci a shekarun 1980, kayan gyara suka ƙafe. Steyr da aka harhaɗa a Bauci da Fiat na kamfanin NTM a Kano su ma sun bi sahu da masana'antunsu suka durƙushe. Ba ƙarfin ƙarfe ya raba su da Marsandi ba, kasuwar kayan gyara ce.

Gawar ba ta tafi a banza ba. Sifirin ɗinta maƙera sun daɗe da mayar da su gatari da galma da wuƙa, don babu ƙarfen da ke riƙe kaifi kamarsa. Tankin yana gidan wani ana tara ruwa, injin an ce ya yi shekaru yana niƙa a wani ƙauye. Saura shasi da kai, su ma 'yan gwangwan sun sha tayawa, a kilo.

Ba na cikin masu yi wa tsohuwar mota kirari ido rufe. Wadda aka yi don tan 5 ana ɗora mata 10, a sa mutane a saman kaya ranar Alhamis ta kasuwar Shinkafi, birkin kuma ba kowa ke yi masa hidimar Baba ba. Yaran da ke kwanciya ƙarƙashinta da yawansu aji ya kamata a same su. Kuma da hanyoyin fadama sun samu ko burji ne da kwalbati, da rabin aikin janwe bai taso ba. Samarin garejin Isa ma ba su ɓoye mini ba, gyaran babur suke so, don shi ake kawowa goma a yini a biya nan take, injin gas kuwa sai ka shekara biyar kana wanke noti kafin a bar ka ka taɓa famfo.

Da safe, kafin su koma Sabon Birni, bakanike ya lura da ɗigon mai a cikin tayar gaba ta hagu. Sil ɗin ƙafar ne, kuma na gawar bayan gida an riga an cinye shi bara. Ya kwance, ya auna faɗinsa da zare, ya ƙulla, ya kwafe lambar da ke jikinsa a bayan kwalin ashana. Da suka ji ta Gusau zan bi in wuce Kano, sai aka damƙa mini zaren da kwalin da tsohon sil ɗin a leda, da kwatancen layin da zan shiga a Ƙofar Ruwa. Baba ya ce in nemi na Jamus ko da na hannu ne, kada in karɓi sabo mai sheƙi. Bakanike ya ce in sayo biyu, tunda na dama ma sa'ansa ne. Baba ya ce ɗaya, kuɗinsa ne ba na Bayarabe ba. Biyu na saya, na ba wani direban Isa a tasha ya kai musu.